Layin Taga da Layin Ƙofa

A cikin duk shekarun da na yi ina duba makarantu a ƙasar Zuru, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da Baba Saje ya shigo ofishinmu da sandarsa, aka tura masa kujera ya ƙi zama. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ku gyara zama, don ba kullum nake son tayar da maganar ba.

Lokacin ina sufabaiza, wato mai zagaya firamare yana duba malamai da yadda suke koyarwa. A samana akwai sakataren ilimi, shi muke kira Oga. Ƙa'idar aikin ita ce, in ƙorafi ya zo kan malami, Oga zai tura ɗaya daga cikinmu ya je ba tare da sanarwa ba, ya gani da idonsa, ya ji ta bakin kowa shi kaɗai, sannan ya rubuto rahoto. Abin da rahoton ya ce shi ake bi. Ni kuwa an san ni da abu ɗaya: ban yarda da kowa ba. In hedimasta ya tarbe ni da fara'a da yawa, sai na fara tambayar kaina me ya ɓoye. Abokan aiki na yi mini tsiya cewa ko ruwa aka ba ni sai na leƙa ƙasan kofin. Ban taɓa musantawa ba.

Baba Saje tsohon soja ne, irin waɗanda suka ga yaƙin basasa suna samari. Yana zaune a wata unguwa da ke gindin dutse a bayan gari. 'Ya'yansa maza biyu duk soja ne, duk suna bakin aiki a nesa, sun bar masa iyalansu. Babban ya musulunta tun yana saurayi, ƙaramin yana zuwa coci kamar uban. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu, gidaje da yawa haka suke. Jikokinsa mata biyu, Hauwa ɗiyar babban da Rahila ɗiyar ƙaramin, sa'o'in juna ne, ajinsu ɗaya, aji biyar, kuma tun suna rarrafe kwano ɗaya suke ci.

Ya ce da Oga, "Yallaɓai, jikokina sun raba kwano. Jiya Rahila ta ce wa Hauwa su ne suka ƙwace Sakkwato. Hauwa ta ce ai su Musulmi sun riga sun karɓe Filato, saura Binuwai. A tsakar gidana, a gabana. Na tambaye su wa ya koya musu wannan, suka ce wasan Malama Asabe ne. Ni na san inda irin maganar nan take kai mutane, na je wurin na dawo. Ku cire matar nan, ko ni in cire yarana."

Oga ya dube ni. A lokacin hankalin kowa a tashe yake saboda abin da ke faruwa a ƙauyukan wajen Wasagu da Sakaba, mutane na ta shigowa gari da kayansu a ka. Ba wanda yake son wata sabuwar wuta, balle a makaranta. Bayan tsohon ya fita, Oga ya ce mini, "Malamar nan ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna. In ka ga ko alama, kada ka tsaya dogon Turanci, rubuto kawai, mu sallame ta."

Ga waɗanda ba su sani ba, sabon malami yakan yi wani lokaci na gwaji kafin a tabbatar da shi. A wannan tsakanin rahoto ɗaya mara kyau ya isa ya mayar da shi gida. Malama Asabe kuwa mijinta ya rasu a bakin aikin soja, tana da yara ƙanana biyu, aikin nan shi ne abincinsu. Na san da haka tun kafin in hau babur, amma ban bari ya sanyaya mini jiki ba. Na sha ganin mai abin tausayi da mugun nufi.

Zargina na farko a kan wasan kansa ya sauka. Wata ƙungiya ce ta raba wa makarantu shi kyauta a farkon zangon karatu, ni kuma kyautar da ta zo daga nesa ban cika sakin jiki da ita ba. Da na isa makarantar ban shiga ofishin hedimasta ba, sai na sa aka buɗe mini sito aka fito da kwalin wasan. Babban allo ne na kwali mai naɗewa, da taswirar Najeriya a kai, kowace jiha da sunanta. Akwai hanya mai gida-gida da ta zagaye ƙasar, akwai ƙwayar jefawa irin ta ludo, akwai katuna masu tambayoyin tarihi. Ana raba aji ƙungiya biyu, in ƙungiya ta jefa ta sauka a wata jiha, sai a ja kati a yi mata tambaya, in ta amsa daidai ta kafa 'yar tutarta a jihar. Tutocin kala biyu ne, kore da fari. A ƙarshe wanda ya fi yawan tuta shi ya ci, sannan duka ajin su miƙe su dubi taswirar da ta cika da kore da fari, su rera taken ƙasa tare.

Na zauna a kan buhun siminti na karanta katunan nan ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda aka saka gubar. Tsofaffin dauloli, zuwan Turawa, haɗe Kudu da Arewa, samun 'yanci, yaƙin basasa, ƙirƙiro jihohi. Har hasken rana na ɗaga wasu ko akwai rubutu a ɓoye. Ban ga komai ba. Maganar gaskiya ma, wasan ya burge ni, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi, don in ba kwalin ba ne, to mutum ne.

Hedimasta ya same ni a siton yana ta murmushi. Na tambaye shi wa ya ba Malama Asabe wasan. Ya ce ita ta roƙa, sauran malamai sun ce ba su da lokacin wasan yara. Na tambaye shi yaushe ake yi. Ya ce ranar Laraba kafin a fita tara, nan ne kawai ya samo mata gurbi. Na ce ko ya taɓa shiga ya gani? Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ina jin hayaniyarsu daga ofis. Abin da ke ranta kuwa, Allah kaɗai ya sani." Wannan amsa ba ta yi mini ba. Mutumin da malamarsa ke cikin matsala, bai kare ta ba, bai kuma zarge ta a fili ba, ya bar ni da wuƙar a hannu. Na sa shi cikin waɗanda zan sa wa ido.

Daga nan na shiga unguwa, don ba a makaranta kaɗai ake binciken malami ba. A majalisar masu dara da ke ƙarƙashin wata tsamiya aka ce mini ai an san ta, 'yar coci ce, ita ke ba yaran Kirista amsa a ɓoye. Da na tsallaka wajen masu niƙa, wata mata ta ce mini ai uwar malamar Musulma ce daga Kanya, jini ba ya ƙarya, shi ya sa yaran Musulmi ke cin jihohi masu yawa. Kowane ɓangare ya riga ya gama shari'arsa, kuma abin da ya ba ni tsoro shi ne duk sun yarda a kan abu ɗaya, cewa ita ce ta raba yaran da gangan, Musulmi gefe, Kirista gefe.

Na kira ta ita kaɗai bayan an tashi daga makaranta. Siririya ce, mai magana a hankali, da alli a gefen zaninta. Na ce, "Malama, yaya kike raba yara a wasan nan?"

Ta ce, "Yallaɓai, ba na rabawa. Yadda na same su zaune, layin taga kore, layin ƙofa fari."

Na ce, "To ya aka yi Musulmi suke yaƙi da Kirista a ajinki?"

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ta ce ita ba ta san da wannan ba, a ajinta kowa na zama da wanda ya ga dama, Hauwa da Rahila ma benci ɗaya suke. Na rubuta abin da ta faɗa, a raina ina cewa ko dai matar nan ta iya ƙarya ƙwarai, ko kuma yaran ne ke ƙara gishiri. Ban gaya mata zan dawo ba.

Ranar Laraba na ajiye babur ɗina nesa da makaranta na shigo ta bayan gonar dawa. Na tarar ana darasin addini. Kun san yadda muke yi a duk makarantun da ke da gauraye: in lokacin ya yi, aji ya rabu biyu, wani rukuni ya zauna a ciki da malaminsa, wani ya fita gindin bishiya da nasa. A wannan makarantar yaran Kirista ne ke fita gindin mangwaro, malamin Arabiyya ya zauna da nasa a ciki. Na shiga na zauna a bencin ƙarshe, na ce ya ci gaba. Dattijo ne, idonsa ya yi rauni, don haka yakan ja kujerarsa jikin taga inda haske yake, yara kuma su matso kusa da shi su cika bencinan wannan gefen. Aka buga ƙararrawa, ya tattara littafinsa ya fita. Na waje suka shigo da gudu, kowa ya faɗa bencin da ya samu babu kowa, wato na wajen ƙofa. Ba wanda ya koma mazauninsa, duk idonsu na kan hanya, suna jiran kwali.

Malama Asabe ta shigo da kwalin a ƙirji. Da ta gan ni ta ɗan tsaya, ta gaishe ni, sannan ta shimfiɗa taswira a kan tebur. Ta ce, "Layin taga kore, layin ƙofa fari."

Ku ji abin da ya sa na ce ranar nan ta koya mini aiki. Ina zaune a wurin, ni da na zo musamman don in kama mai raba yara, na ga shigarsu, na ga zamansu, na ji abin da ta ce, amma ban ga komai ba. Hankalina na kan bakinta da hannunta, ina jiran in ga ta raɗa wa wani amsa ko ta ɓoye kati. Wasa ya yi nisa, yara na amsa tambayoyin da ni kaina sai na yi tunani, har wani yaro ya kawo sunayen jihohin da suka yi iyaka da tamu bai yi tuntuɓe ba. Sai da fari suka kafa tuta a Kano, wani yaro daga layin taga ya buga benci ya ce, "Wallahi ba za mu bar wa 'yan coci Kano ba." A lokacin na ɗaga kai na dubi ajin sosai. Gefen taga hijabi ne reras. Gefen ƙofa babu ko ɗaya. Hauwa na can, Rahila na nan, suna harar juna ta saman taswira.

Malamar ma ta ji abin da yaron ya ce. Na ga lokacin da ta bi ajin da ido daga wannan bango zuwa wancan, katin da ke hannunta ya faɗi ƙasa. Ta tsayar da wasan, ta ce kowa ya fita tara.

Da muka rage mu biyu na ce, "Malama, duk makonnin nan ba ki ga hijaban nan a gefe ɗaya ba?"

Ta ce, "Yallaɓai, uwar da ta haife ni da hijabi take kwana take tashi. Ƙanwata ma haka. Idona ya daina ganinsa tuntuni. Yara nake gani." Sai hawaye. Ta ce hayaniyarsu ta ɗauka son wasa ne, har tana murna wai sun fara son tarihin ƙasarsu.

Da wani ne ya ba ni wannan amsa a ofis, da na ce ƙarya ce tsagwaronta. Amma ni ma ɗan garin nan ne, ni ma na zauna a ajin ban gani ba. Duk da haka ban saki zargina a nan take ba. Na je na tsare malamin Arabiyya da tambaya, ko wani ne ya ce ya riƙa tara yara a jikin taga. Ya ce shekara da shekaru haka yake yi, in ba haka ba ba ya ganin baƙi. Na koma kan hedimasta, na ce me ya sa ya manna wasan a bayan darasin addini. Ya rantse bai yi tunanin komai ba. Na ce da ya fara jin maganganu a unguwa fa? Ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗan ji ƙishin-ƙishin, amma bai so ya sa baki a maganar addini. Har yau ban gama sanin ko tsoro ne ya rufe masa baki ko kuwa akwai wanda yake so a kawo a gurbinta ba. Ban samu hujja ba, don haka ban rubuta ba.

Na kai wa Oga rahoto cewa malamar ba ta da laifi, tsarin zama ne ya raba yaran. Ya karanta ya ce, "Ka tabbata? In abu ya tashi, sunanka ne a ƙasa." Na ce na tabbata. Ya ce to sai in je in gaya wa iyayen da bakina.

Aka kira taron iyaye da malamai a ajin nan dai. Na halarci irin wannan taro a makarantar ba sau ɗaya ba, kullum a cakuɗe ake zama, maƙwabci kusa da maƙwabci. A ranar kuwa, ba wanda ya ce da kowa komai, amma mutanen liman suka cika gefen taga, mutanen fasto suka cika gefen ƙofa. Baba Saje ya zo a makare, ya tsaya a tsakiya da sandarsa yana duban hagu da dama. Matar babban ɗansa na wannan gefe, matar ƙaramin na wancan. Ya ce, "To ni ina zan zauna?" Na sa aka kawo masa kujera aka ajiye a tsakiyar.

Na yi bayani dalla-dalla, na nuna musu inda malamin Arabiyya ke zama, na nuna yadda na waje ke shigowa. Na buɗe kwalin na ɗaga tutocin biyu na haɗa su, na ce waɗanda suka ƙera wasan sun yi su ne don su haɗu su ba da tutar ƙasa. Wasu suka gyaɗa kai. Wasu na gani a fuskarsu cewa sun ɗauka ofis ne ke rufa wa tasa asiri. Wani daga baya ya ce a ƙona kwalin kawai kowa ya huta.

Baba Saje ya ce a'a. Ya ce tunda jikokinsa suka fara wasan nan suke tambayarsa garuruwan da ya yi aiki, abin da ubanninsu ma ba su taɓa yi ba. Ya aika aka kwaso masa tsakuwa da 'yan karare daga wurin masu dara, irin waɗanda ake wasa da su, ya zuba a hularsa. Ya ce a shigo da yaran, kowa ya rufe ido ya sa hannu, mai tsakuwa kore, mai kara fari, kuma kowace Laraba a sake ɗiba. Aka yi haka a gaban iyaye. Hauwa ta ciro tsakuwa, Rahila ma tsakuwa. Aka buga wasan, aka lallasa su, suka fita suna faɗa kan wadda ta ɓata amsar Barno, hannun ɗaya a wuyan ɗaya. Tsohon ya taka har gaban Malama Asabe, ya cire hular da ya riga ya mayar kansa, ya ce, "Ɗiyata, ni na kai ƙararki. Ki yafe mini." Ta durƙusa ta ce ba komai, Baba.

Na koma ofis ina jin na yi aiki. Ba a daɗe ba aka tabbatar da ita, ni na kai mata albishir da kaina.

Kafin ƙarshen zangon sai ga ta a ofis tana neman a mayar da ita Kanya, wajen uwarta. Na ce, "Haba Malama, bayan an wanke ki?"

Ta ce, "Yallaɓai, a ofis aka wanke ni, ba a wanke ni a kasuwa ba. In na tsaya sayen kayan miya sai hira ta mutu. A coci ana cewa na sayar da yaransu, a unguwa ana cewa na yi wa nasu wayo. Jiya ɗana ya dawo yana kuka, an ce masa uwarsa ce mai haɗa faɗa. Zan iya jure nawa, ba zan iya jure nasa ba."

Na yi mata magana iya iyawata, Baba Saje ma ya je har gidanta, ba ta canja ba. Oga ya sa hannu. Ranar da za ta tafi na same ta a tasha an ɗaure katifarta a saman mota, yaranta biyu na riƙe da zaninta. Na tambaye ta ko tana son in nemo mata irin kwalin ta tafi da shi sabuwar makarantarta. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "A'a Yallaɓai. Alli ya ishe ni."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mu masu duba makarantu an horar da mu mu nemi mai laifi, mutane ma in hankalinsu ya tashi mai laifi suke nema, mai suna da fuska. Sau da yawa kuwa babu shi, akwai dai yadda muka saba yin abu ba mu taɓa dubawa ba, kamar dattijon da ke neman haske a jikin taga. Kuma ku sani, rahotonku na iya mayar wa malami aikinsa, amma ba ya bin mutane gida-gida ya karɓo abin da suka riga suka faɗa. Don haka in ƙorafi ya zo, ku yi sauri, kada ku bar shi ya kwana a unguwa. Ni daga ranar nan, duk ajin da na shiga, kafin in buɗe littafin malami sai na tsaya a bakin ƙofa na ga wa ke zaune kusa da wa.

Na leƙa makarantar bayan na yi ritaya. Kwalin ya tsufa, an ɗaure gefensa da salatif, ana ɗibar tsakuwa da kara a cikin wani tsohon gwangwanin madara. Yaran da ke wasan ba su taɓa ganinta ba, amma da na tambaye su sunansa, suka ce wasan Malama Asabe. Wata uwa da ta zo ɗaukar ɗanta tana tsaye kusa da ni. Ta matso ta rage murya ta ce, "Ai ka san labarin matar, ko? An ce sai da aka kore ta."